Jirgin Ruwa a Garin Tudu

Ni mutum ne mai zargi, sana'ata ce kuma ta koya mini. Duk wanda ya daɗe yana sayen hatsi a Kasuwar Muda Lawal ya san halin buhu: masara mai kyau a baki, tsakuwa da ƙaiƙayi a ciki. Ba na karɓar buhu sai na soka masa ƙarfe ta gefe na ga abin da ya zubo. Mutane ma haka nake yi musu in na samu hali. Da wannan halin na sayi jirgin ruwa mai inji, a Bauchi, garin da ko kogin kirki babu.

Sha'awar tsohuwa ce. Ina saurayi na yi fataucin busasshen kifi, nakan je Baga in hau jirgi zuwa tsibirai. Wata rana direban wani jirgi ya bar ni na riƙe hannun inji na ɗan lokaci yana cin abinci. Ban taɓa gaya wa kowa yadda na ji ba. Na dawo gida, na koma hatsi, na yi aure, na aurar da 'ya'ya har saura auta, abin yana nan zaune a raina bai motsa ba.

Wani dillalin tsofaffin motoci ne ya tsokano shi. Ya zo sayen gero, ya ce a cikin raha akwai wani tarkace a filinsa na hanyar Miri da ya rasa yadda zai yi da shi, wai jirgin ruwa ne da wasu 'yan kwangilar gada suka bari. Na yi kamar ban ji ba. Washegari da hantsi ina filin.

Fari ne mai ratsin shuɗi, ba na katako ba, irin robar nan ce mai tauri. Akwai ɗan ɗaki a gaba da mutum biyu za su zauna su miƙe ƙafa, da sitiyari kamar na mota, da inji rataye a baya. Yana kan 'yar tirela da tayoyinta suka sace, kaji har sun yi ƙwai a ƙarƙashin kujera. Ya shiga raina, amma na ɗaure fuska. Mai saye ba ya murmushi.

Farashin ne ya fara tayar mini da hankali, don ya yi sauƙi da yawa. Na ce a kawo takardu, aka kawo. Na kai wa wani lauya da ke sayen shinkafa a wurina ya duba, ya ce ba na sata ba ne. Na zagaye jirgin ina ƙwanƙwasa shi da ɗan dutse ina sauraro, ko da yake ban san sautin da nake nema ba. Daga nan na kira masu kurar ruwa na ce su cika mini shi.

"Alhaji, jirgi a kan ruwa ake sa shi, ba ruwa ake sa wa a ciki ba," in ji dillalin.

"In ruwa bai fita daga ciki ba, ba zai shiga daga waje ba. Ku zuba."

Suka zuba har tirelar ta fara kuka. Na tsuguna a ƙarƙashi ina duban ɗigo, babu. Inji kuma aka tsoma gindinsa a cikin duro aka tayar, ya yi tari ya yi hayaƙi, sannan ya daidaita. Dillalin ya ce tun da yake sana'a bai taɓa gamuwa da mai saye irina ba. Na ce masa na gode.

Ban gaya wa kowa a kasuwa ba. In aka ji ɗan kasuwa ya sayi abin wasa, manomi zai ƙara farashi, dangi kuma za su yi layi a ƙofar gida. Ban da haka ina jin kunyar a ce mutum mai jikoki ya koma ɗan koyo. Na nemi izinin da ake nema, na lulluɓe jirgin da tamfol, aka ja shi zuwa dam ɗin Gubi. A can aka haɗa ni da wani masunci mutumin Yauri, mai matsakaicin shekaru, da ya daɗe da zama a bakin ruwan. Muka shirya zai riƙa kula da jirgin, ya kuma koya mini tuƙi.

Tun ranar farko ya ce a wajensu ba a sa sabon jirgi a ruwa sai an yi sadaka. A yanka dabba a raba wa masunta, su san mai jirgin, don ran da injinka ya mutu a tsakiyar ruwa su ne za su zo. Na san akwai kwaɗayin nama a cikin maganar, amma akwai gaskiya ma. Na sayi rago a wurin wani Bafulatani a Tirwun. Fari ne, don shi ne mai ƙiba a cikin waɗanda na tarar. Da a gida na yanka shi da unguwa ta tambayi dalili, saboda haka na kai shi bakin dam, na fuskantar da shi alƙibla, na yi bismilla na yanka. Wurin gangara ne, jinin ya bi ƙasa ya shiga ruwa. Masunta suka raba nama suka sa mini albarka. Na kawo wa matata cinya guda, na ba ta labari, ta yi dariya ta ce tsufa ya zo mini da gardama.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Na daɗe ina tuƙa mota, kuma wannan ne ya fi cutar da ni. Abu na farko, jirgi ba shi da birki. Na san haka a kaina, ƙafata ce ba ta yarda ba. Duk lokacin da muka doshi gaɓa sai in ji ina taka ƙasan jirgin da ƙarfi, shi kuwa yana ta tafiyarsa. Sai ka rage wuta tun daga nesa, ka bar shi ya yi ta zamewa, in ya ƙi tsayawa ka ba shi baya kaɗan. Ranar da na fara gwadawa ni kaɗai na daki kwale-kwalen wani tsoho na zubar masa da kifi. Na biya shi, amma na tabbata kifin da ya lissafa ya fi wanda ya kama.

Abu na biyu, mota da gaba take juyawa, jirgi da gindi. Ka murɗa sitiyari dama, bayansa ne zai fara ficewa hagu, ya je ya gogi abin da kake gudu. Ga iska, wadda ba ta da ruwa da abin da ka yi niyya. Masuncin ya koya mini in dubi fuskar ruwa in gane inda take kaɗawa, in shigo gaɓa ina fuskantarta, kada in ba ta baya. Ya nuna mini wuraren da kututturan itatuwa suke ɓoye a ƙarƙashi tun kafin a tare ruwan, da gorunan da ke nuna inda aka shimfiɗa raga. Sau da yawa raga ta naɗe mini farfela, mu kashe inji mu ɗaga shi mu yi ta warwara, mai ragar yana gefe yana faɗa mini abin da ba zan maimaita ba.

Bayan sallar asuba nake tafiya, in dawo kafin kasuwa ta cika. A hankali hannuna ya faɗa. Na fara jin injin a tafin ƙafata, na san lokacin da yake jin daɗi da lokacin da ruwa ya shiga masa mai. In na kai tsakiya nakan kashe shi in zauna. Babu mai neman rage, babu mai kawo ƙarar wani. Ina son wurin ƙwarai, kuma ban taɓa son wani wuri haka ba.

Duk da haka ban saki jiki da masuncin ba. Na lura fetur yana ƙarewa fiye da tafiyar da muke yi, sai na yi wa tankin 'yar alama da farce. Wata ranar kasuwar ƙauyen da ke ƙetare na zo ba zato da rana, na hango jirgina a tsakiyar ruwa ɗauke da mata da buhuna da akuya a kan rufin ɗakin. Da ya iso gaɓa ko kunya bai ji ba.

"Alhaji, inji in ya zauna ciwo yake yi. Motsa maka shi nake."

Na karɓe makulli. Daga ranar nake tafiya da shi gida.

Mahaifiyata a gidana take zaune, a ɗakin da ke kusa da rijiya. Idonta ya yi rauni amma ba abin da ke wuce ta. Ta ga ƙafar wandona a jiƙe da safe, ta ga na yi baƙi, ta tambaye ni inda nake zuwa. Ba na yi mata ƙarya, na gaya mata. Ta ce, "Wa ya kira ka can?" Na ce ba kowa, sha'awa ce kawai. Ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da jan carbinta.

A wannan lokacin ne maganar auren autata ta taso. Ta gama karatun jinya, ta samu yaro malamin makaranta, ɗan wani gidan malamai na cikin gari. Na yi bincikena a kansa, har wanda yake sayar masa da man babur sai da na sa aka tambaya, ban samu komai ba. Yarinyar tana son shi, ko sunansa aka ambata sai ta rasa inda za ta sa hannunta. Iyayensa suka kawo gaisuwa, aka karɓa, saura su dawo a sa rana. Sai suka yi shiru. Aka ce bayan azumi, azumi ya wuce. Aka ce baffansa ya yi tafiya, na kuwa gan shi da idona a wurin jana'iza. 'Yata ta fara ramewa, ta daina fitowa tsakar gida.

A kasuwa ma iska ta sauya. Wani manomin Miri da ya yi shekara da shekaru yana kawo mini masara ya wuce rumfata ya sauke a ta gaba. Wata tsohuwa mai sayen wake ta ce in ajiye mata canji a kan buhu, ba ta karɓa daga hannuna ba. Maƙwabcin rumfata, wanda muka daɗe muna gaisawa da haƙori, ya dube ni wata safiya ya ce, "Alhaji, ya mutanen naka? Sun tashi lafiya?" Na ce waɗanne? Ya yi dariya ya shige ciki. A shekarar kuma masarar da na ajiye ta yi tsada, na samu alheri, kamar yadda duk wanda ya ajiye ya samu.

Matata ce ta fasa mini. Ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ta ce ana cewa na yanka wa mutanen ruwa farin rago, kullum asuba ina zuwa gaishe su, su ne suke buɗa mini kasuwa. Kuma kowa ya san yadda ake cewa irin wannan alkawari yake ƙarewa: wata rana za su nemi mutum daga cikin gida. Suruki kuwa ɗan gida ne. Dalilin shirun ke nan.

Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Na zauna na tuna waɗanda suka san labarin ragon. Masuncin na fara tuhuma, tunda na karɓe masa makulli. Na same shi yana gyaran raga na faɗa masa baƙaƙe. Ya bari na gama ya ce, "Alhaji, ni da na ci naman? In na ce na aljanu ne ai na ce ni aljani ne." Ban gamsu ba, amma na rasa ta inda zai san mutanen cikin gari. Na koma kan dillalin, na tarar bai ma san an yi yanka ba. Maƙwabcin rumfata na daina amsa masa gaisuwa. Har matata sai da na tambaya ko ita ta yi suɓutar baki a wurin ƙawayenta, don na san tana ganin jirgin ya ci abin da ya kamata ya tafi kayan ɗaki. Ta dube ni ta ce, "Auren 'yata zan ɓata saboda kwanuka?" Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa.

Uban yarinya ba ya bin dangin yaro yana tambayar me ya tsayar da su, in ya yi haka ya zubar da darajar 'yarsa. Haka na zauna ina cin raina. Allah ya taimake ni baffan yaron ya zo da kansa. Dattijo ne, tsohon shugaban makaranta, mai magana a hankali. Ya zo bayan la'asar, muka zauna a zaure, aka kawo ruwa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce bai zo da saƙon kowa ba, ya zo ne don yana ganin girmana.

Na ce, "Malam, ka san kasuwa. Mutum ba ya rasa maƙiya. Ka gaya mini wanda ya kawo muku wannan magana, in nuna maka abin da ke tsakanina da shi."

Ya juya kofin ruwan a hannunsa. "Alhaji, mu ma mun san bincike. In muka ji magana daga bakin abokin sana'a, zubar da ita muke yi. Da daga kasuwa ta fito da tuni an sa rana."

"To daga ina ta fito?"

"Daga gidan nan. Hajiya mahaifiyarka ce ta aika wa yayana, uban yaron, tun kafin maganar aure ta yi nisa. Ta aika da goro da sadaka, ta ce a taimaka mata da addu'a, ɗanta ya yanka rago a bakin ruwa, kuma ruwa yana kiransa kullum asuba. Ba shi kaɗai ta aika wa ba, malaman unguwa da dama sun samu saƙon. Ka gaya mini, in uwa ta faɗi haka a kan ɗanta, wa zai ce mata ƙarya take?"

Na bi gari kaf ina neman maƙiyi, ashe maganar daga ɗakin da nake durƙusawa kowace safiya ta fita.

Da ya tafi na shiga wurinta. Tana zaune a kan buzu. Na tambaye ta, ba ta musa ba, ba ta kuma ga abin musu ba. Ta ce matata ta ba ta naman ta gaya mata inda aka yanka, ita kuwa ba ta ci ba.

"Inna, sadaka ce na yi wa masunta. Da sunan Allah na yanka."

"Na sani kai da sunan Allah ka yanka. Su waɗanda suka karɓa fa, ka san da sunan wa suka karɓa?"

"Auren jikarki zai lalace a kan wannan maganar. Ki aika musu ki ce ba haka ba ne."

"In ce musu me? In yi ƙarya da furfurata? Kai ba ka ganin kanka. Kana zaune a nan ina yi maka magana, hankalinka yana can."

Na yi ta lallashi, ta ƙi. A ƙarshe dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka mai kyau ce. Inna ba ta taɓa ganin dam ɗin ba, ba ta taɓa ganin jirgi ba sai a talabijin. Na ce in ta gani da idonta, ƙarfe ne da roba da fetur, hankalinta zai kwanta. Na roƙi baffan yaron ya zo ya zama shaida. Ya yarda. Ita ma ta yarda, bisa sharaɗin ba za ta fito daga mota ba.

Muka je da hantsi, ranar da sama take garau. Na tsayar da motar a kan tudu inda za ta ga komai, na buɗe mata ƙofa. Baffan ya sa rigar kariya a kan babbar rigarsa, ya shiga jirgin yana salati, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Masuncin ya kwance igiya ya tsaya a gaɓa. Na tayar da inji, bugu ɗaya ya kama.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Na fita da baya a hankali, na juya, na bi tsakanin gorunan raga ban taɓa ko ɗaya ba. Da muka fita sarari na ƙara wuta, gaban jirgin ya ɗaga, ruwa ya tsage gida biyu. Baffan ya saki ƙarfen ya dafe hularsa, na ji yana dariya kamar yaro. Ya tambaye ni yadda ake juyawa, na ba shi sitiyari ya ɗan riƙe. Da za mu dawo wata iska ta taso daga gabas. Na zagaya na fuskance ta, na rage wuta tun daga nesa, jirgin ya yi ta zamewa har ya sa hancinsa a yashi ba ko girgiza. Masuncin, wanda bai taɓa yaba mini ba, ya gyaɗa kai.

Muka hau tudu wurin motar. Baffan yana haki yana murmushi, gefen rigarsa a jiƙe.

"Hajiya, na shiga na gani. Inji ne da mai, kamar injin niƙa. Ba komai a ciki sai sha'awa."

Inna ba ta dube shi ba, ni take kallo.

"Malam, ni ban kalli inji ba, shi na kalla. Ni na haife shi. Na ga fuskarsa ranar aurensa, na gan ta ranar da aka haifa masa ɗan fari, na gan ta ranar da ya dawo daga Makka. Ban taɓa ganinta kamar yadda ya fito daga ruwan nan yanzu ba. Injin niƙa ba ya yi wa mutum haka. Da ina zato ne, yanzu na tabbata."

Murmushin baffan ya ɗauke. Muka ɗan matsa gefe, ya yi ƙasa da murya ya ce shi ya gamsu, har ga Allah ya gamsu, amma ba zai iya ɗauko danginsu ɗaya bayan ɗaya ya zagaya da su dam ba. Za su tambaye shi abin da Hajiya ta ce, kuma ba zai ɓoye ba. Hanya ɗaya ya gani: in Hajiya da bakinta ta aika cewa ɗanta ya rabu da ruwa.

Na tsaya ina kallon jirgin. Na ji haushin Inna, na ji haushin dattijon, na ji haushin garin gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban iya cewa ta yi ƙarya a kan fuskata ba. Sannan na tuna 'yata a ɗaki, da kwanon abincinta da ake fitowa da shi kamar yadda aka shigar.

Na sauka gaɓa na ce wa masuncin ya kwance injin a sa a bayan mota. Ya dube ni, ya dubi tudu, ya hau kwancewa. Kafin mako ya zagayo dillalin ya samo wani mai gidan gona daga wajen Gombe, aka ɗora jirgin a tirela aka tafi da shi. Ban je wurin ɗaukar ba.

Inna ta aika wa malamanta da goro, ta ce Allah ya karɓi addu'a, an sako mata ɗanta. Ba a daɗe ba dangin yaron suka zo aka sa rana.

Abin da ban hango ba shi ne sayar da jirgin zai zama shaida. Wanda a da yake shakka yanzu ya tabbata, tunda ga shi an yi addu'a na rabu da abin. Manomin Miri ya dawo da masararsa, ya riƙe hannuna ya ce sannu da jiki. Ranar ɗaurin aure, a ƙofar masallaci, dattawa suka yi ta zuwa suna cewa sun gode wa Allah da ya dawo da ni, Allah ya kiyaye gaba. In na ce ba abin da ya taɓa kama ni, na mayar da magana baya, ga ango a tsaye a gefena. Na yi ta cewa amin. A gida kuwa ba mai cewa jirgi, sai dai a ce abin nan, a yi ƙasa da murya.

Da yamma aka kawo amarya ta yi mini sallama kafin a kai ta. Ta durƙusa a gabana cikin lulluɓi, ƙannen uwarta suna tsaye a bakin ƙofa. Na yi mata nasihar da ake yi, na ce ta yi haƙuri, ta riƙe salla, ta girmama iyayen mijinta. Tana ta kuka irin na amare. Da na gama ba ta tashi ba. Ta matso ta kama ƙafata, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, na san ba abin da ya same ka. Ka yafe mini jirginka."

Na dafa kanta na ce ta tashi, motoci suna jira.